Jimeta da Yola: Yadda tsohuwar tashar jiragen ruwa ta koma garin 'yan haya

Babban birnin Jihar Adamawa garuruwa biyu ne da ake kira da suna ɗaya. Akwai tsohon garin Yola, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda fadar Lamiɗo take har yau. Akwai kuma Jimeta a gefen Kogin Binuwai, inda gidan gwamnati da ma'aikatu da bankuna da babbar kasuwa suke.

Kogi ne ya raini Jimeta. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Turawan Ingila na Neja ya fara ciniki a wannan gaɓa, kafin sojojinsu su ci Yola a 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu. A tsakiyar damina, idan ruwa ya cika, jiragen ruwa kan hauro da gishiri da tufafi, su koma da gyaɗa da auduga da fatu. Wannan ciniki ne ya jawo fatake da 'yan dako da masu sana'o'i daga ƙasar Hausa da Barno da kudancin Najeriya.

Zuwan manyan motoci da cikewar kogin da yashi sun dakushe tashar, musamman bayan da Kamaru ta gina madatsar Lagdo a 1982. Sai dai aikin gwamnati ya maye gurbinta, domin birnin ya zama hedikwatar Jihar Gongola a 1976, sannan ta Adamawa a 1991. Ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Najeriya da Kwalejin Ilimi ta Tarayya suka zama manyan masu neman haya. A 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye Mubi da wasu garuruwan arewacin jihar, dubban iyalai sun kwararo birnin, kuma mafi yawansu ba a sansani suka sauka ba, a gidajen dangi da ɗakunan haya suka raɓe.

Kuɗin haya kan bi unguwa. Dougirei da Karewa su ne wuraren manyan gidaje masu tsada. A tsofaffin unguwanni irin su Limawa da Rumde da Luggere da Doubeli, an fi samun gidan yawa, inda masu ɗaki ɗaya ko ciki da falo ke tarayya a tsakar gida da banɗaki. Waɗanda tsadar tsakiyar gari ta kora kan nufi Jambutu da Damilu da Bajabure, ko Shagari da Yolde Pate ta ɓangaren Yola. A can kuwa, abin da aka rage a haya yakan tafi a kuɗin Keke Napep.

Bisa al'ada ana biyan kuɗin shekara gaba ɗaya, ban da la'adar dillali. Ƙa'idar da kotunan Najeriya suka saba bi ita ce mai hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, matuƙar yarjejeniya ba ta tanadi wani wa'adi dabam ba. Saboda haka takardar yarjejeniya da rasit su ne garkuwar ɗan haya.

Abubuwa uku ne mazauna birnin kan bincika kafin su biya. Na farko ruwa, domin unguwanni da yawa sun dogara ne da rijiyoyin burtsatse da 'yan ga-ruwa. Na biyu wutar lantarki, ganin cewa zafin Maris da Afrilu yakan haura maki 40. Na uku kuma, wanda ya fi nauyi, shi ne ambaliya. A 2012 da 2022, ruwan sama da wanda aka sako daga Lagdo sun shafe gidaje a gaɓar Binuwai. Gidan da aka gani a bushe da rani yana iya kasancewa a kan hanyar ruwa, don haka masu sanin gari kan duba shaidar da ruwa ya bari a jikin bango, su kuma tambayi maƙwabta inda ya tsaya bara.