Asalin Lissafin da Ya Riga Ido Ganin Omega

A farkon shekarun 1930, masana fiziks suna zaune lafiya da ƙwayoyi uku: furoton, niyutoron da ilektoron. Da su suke bayanin ginin ƙwayar zarra. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai al'amari ya dagule. Aka fara tsintar baƙin ƙwayoyi a cikin hasken da ke zubowa daga sararin samaniya, manyan injinan gwara ƙwayoyi na Berkeley da Brookhaven a Amurka su ma suka shiga fito da nasu. Kafin a ankara sun kai gommai, kowace da nata nauyin, kuma ba mai iya faɗin dalili.

Ana nan sai a 1961 mutum biyu suka gano bakin zaren, ba tare da ɗaya ya san aikin ɗayan ba. Na farko shi ne Murray Gell-Mann na jami'ar Caltech. Na biyu kuwa Yuval Ne'eman, hafsan sojan Isra'ila da ke aiki a ofishin jakadancin ƙasarsa a Landan, yana kuma karatu a hannun Abdus Salam. Suka nuna cewa ƙwayoyin nan dangi-dangi ne, ana iya jera su gida-gida, takwas-takwas. Gell-Mann ya ƙara da wata ƙa'ida mai haɗa nauyin 'yan gida ɗaya. A 1962 Susumu Okubo, ɗan Japan da ke jami'ar Rochester, ya faɗaɗa ta yadda za ta yi aiki a kowane gida. Shi ya sa ake kiranta ƙa'idar Gell-Mann da Okubo.

Ga yadda take. A ma'aunin nauyin ƙwayoyi da ake kira MeV, furoton da niyutoron suna wajen 939, sauran 'yan gidansu kuwa, Lamda 1116, Sigma 1193, Ksi kuma 1318. Ƙa'idar ta ce a haɗa 939 da 1318 a raba biyu, sai a sami kimanin 1129. A ɗauki Lamda sau uku, a ƙara Sigma, a raba huɗu, sai a sami 1135. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ɗalibin sakandare ma zai iya wannan lissafi a bayan littafinsa, kuma nan ne kyawunsa yake.

Gwajin gaske ya zo ne daga wani gida mai ɗaukar ƙwayoyi goma. A nan ƙa'idar ta ce nauyi zai riƙa hawa daidai wa daida, kamar matakan tsani. An san Delta a 1232, an san wata Sigma mai nauyi a 1385. A taron masana da aka yi a cibiyar CERN ta Geneva a 1962, aka ba da labarin gano wata Ksi a wajen 1530. Da yake kowace cikin ukun nan tana da iri fiye da ɗaya, tara ke nan, saura ɗaya. Gell-Mann ya miƙe a zauren ya ce lallai akwai ta goma, ya raɗa mata suna Omega, ya ce cajinta irin na ilektoron ne, nauyinta kuma zai kai wajen 1680. Ne'eman ma yana zauren, kuma lissafinsa ya kai shi wuri guda.

Faɗa da baki ba wuya, nema shi ne aiki. A Brookhaven, ayarin Nicholas Samios ya riƙa harba ƙwayoyin kayon cikin wata tukunya mai inci 80 cike da ruwan haidurojin, inda duk ƙwaya mai caji da ta ratsa take barin sawun kumfa. Suka ɗauki hotuna kusan dubu ɗari, ana dubawa ɗaya bayan ɗaya. A farkon 1964 aka ga sawun, ɗan gajere, na 'yan santimita kawai, domin Omega ba ta cika kashi ɗaya cikin biliyan goma na sakan kafin ta tarwatse. Suka auna nauyinta, ya fito wajen 1686. Awon yau ya tsaya a 1672.

A 1964 ɗin ne Gell-Mann da George Zweig, kowa da kansa, suka kawo dalilin hawan. Kowace ƙwaya a gidan an gina ta da ƙananan ƙwayoyi uku da ake kira kwak. Delta duk marasa nauyi gare ta. Kowane hawa kuwa ana cire ɗaya a sa wani kwak mafi nauyi, har a kai Omega mai irinsa uku. Aka ba Gell-Mann kyautar Nobel a 1969, shi kaɗai, ko da yake Ne'eman da Okubo sun ɗauki nasu kason na aikin.