Daga Manchester zuwa Mairuwa: Tarihin shan iska a kan ruwa

Mai karatu, in kai ma'abocin finafinan Indiya ne na dauri, ba sai na tuna maka "Kashmir Ki Kali" na 1964 ba, inda Shammi Kapoor ke ta tsalle-tsalle a cikin kwalekwale a Tafkin Dal, ko kuma "Jab Jab Phool Khile" na 1965, wanda Shashi Kapoor ya fito a matsayin mai gidan-jirgi. Daga irin su ne daraktocin mu su ka ɗauko ɗabi'ar kai jarumi da jaruma bakin dam su yi waƙa. To amma ka taɓa tambayar kan ka yaushe hawa ruwa ya zama abin nishaɗi, kuma me ya sa mu har yau sai a fim mu ke ganin sa da kyau?

Bari mu faro daga Ingila, domin can ne abin ya fi ban mamaki. A 1761 aka buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater, wadda aka haƙa da hannu don kai kwal daga Worsley zuwa Manchester. Daga nan sai ƙasar ta cika da irin waɗannan hanyoyi. Jiragen da ke bin su sirara ne, faɗin su bai kai ƙafa 7 ba, tsawon su kuwa ya kan kai ƙafa 70, saboda ƙofofin da ke ɗaga jirgi su sauke shi a kan tudu ƙuntatattu ne. Doki ne ke tafiya a gefe ya na jan jirgin da igiya. Babu wani shan iska a ciki, ɗan'uwa. Aikin wahala ne. Miji da mata da 'ya'ya duk a wani ɗan akurkin ɗaki su ke kwana a bayan kaya.

Da jirgin ƙasa ya zo, sai kasuwar su ta mutu, ciyawa ta cinye hanyoyin. Abin da ya ceto su, ka ji da kyau kai mai son karatu, littafi ne. A 1944 wani marubuci mai suna L.T.C. Rolt ya fitar da "Narrow Boat", labarin yawon da ya yi a cikin irin wannan jirgi. Littafin ya taɓa zukata, har a 1946 shi da Robert Aickman da wasu su ka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwan. 'Yan sa-kai su ka riƙa fita su na kwashe laka. Yau akwai kimanin mil 2,000 a hannun wata gidauniya da aka kafa a 2012, mutum ya yi hayar jirgi na yini guda shi da iyalin sa, ya ratsa gonaki, gudun sa bai wuce mil 4 a awa ba.

Mu dawo gida. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba ta taɓa buƙatar irin wannan hanya ba, ko da ya ke a kusa da Funtuwa ne Kogin Sakkwato ya samo asali. Jaki da raƙumi ne su ka ɗauki audugar mu, sannan jirgin ƙasa, wanda ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, daga baya kuma loriloti... a'a, a ce manyan motoci kawai. Babban ruwan da ba ya ƙafewa da rani, a nan yankin, dam ne ya kawo mana shi: Mairuwa a hanyar Gusau, Gwaigwaye, da dam ɗin Malumfashi. An yi su ne don ruwan sha da noman rani. Masunta su ka sa kwalekwale, shi kenan.

Ɗaya daga cikin waɗanda su ka hango nishaɗi a cikin ruwan dam a Arewa shi ne Audu Baƙo, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975. A zamanin sa aka yi dam ɗin Bagauda, sannan na Tiga da aka kammala a 1974, wanda babbar magudanar sa ke kai ruwa gonakin Kadawa da Kura. Ita ce abu mafi kusa da hanyar ruwan Turawa da mu ke da shi, sai dai shinkafa da tumatir ta ke wa hidima, ba masu yawon buɗe ido ba. Amma an gina otal a bakin tafkin Bagauda, an gina Rock Castle a kan dutse a Tiga, mutane na zuwa hutu. A ganina wannan shi ne lokacin da mu ka fi kusa da abin. Sai dam ɗin Bagauda ya ɓalle a daminar 1988. Daga baya otal ɗin ya koma makarantar horas da lauyoyi. Babu wani Rolt da ya tashi ya rubuta masa littafi, ga mu da marubuta jingim a Kano a daidai wannan lokaci!

Sha'awar kuwa ba ta mutu ba. Duk ranar Sallah yara kan yi tururuwa zuwa bakin dam, su ba mai kwalekwale 'yan canji ya zaga da su. Jirgin da aka sassaƙa don masunci da komar sa, sai ka ga an danƙara masa yara har baki, ba rigar kariya, ba mai ƙirga kai. A watan Mayu na 2022, cikin hidimar ƙaramar Sallah, wani kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta Jihar Katsina, aƙalla mutum 15 su ka rasu, akasarin su yara. Watanni kaɗan kafin nan, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Ɓagwai a kan dam ɗin Watari ya nutse da 'yan makarantar Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi, aka rasa aƙalla mutum 29. Allah ya jiƙan su. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997, hedikwatar ta na can Lakwaja, nesa da Mairuwa.