Tarihin «Goon Show»: wasan shirme na gidan radiyon Ingila (1951-1960)

1. Gabatarwa

Wannan ɗan rubutu ya shafi wani wasan kwaikwayo na ban dariya da gidan radiyon BBC ya watsa cikin harshen Ingilishi daga ranar 28 ga watan Mayu 1951 zuwa ranar 28 ga watan Janairu 1960. Da farko an raɗa masa suna «Crazy People», watau mahaukata. Daga 1952 ne ya koma «The Goon Show», watau wasan wawaye. Dalilin kawo tarihinsa shi ne ya nuna abin da harshe ke iya yi in an bar shi da kunne kaɗai, babu ido da zai ƙaryata shi.

2. Ƴan wasan

Mutum huɗu suka kafa wasan: Spike Milligan (1918-2002), Peter Sellers (1925-1980), Harry Secombe (1921-2001) da Michael Bentine (1922-1996), wanda ya janye bayan zango na biyu. Dukansu sun yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Milligan da Secombe sun fara haɗuwa a fagen daga a Afirka ta Arewa, bayan yaƙi kuma su huɗun suka riƙa taruwa a mashayar Jimmy Grafton a birnin Landan. Daga bariki suka zo da ba'ar da suke yi wa hafsoshi da manyan ma'aikata da duk wata doka marar kan gado.

Secombe shi ne Neddie Seagoon, mai zuciya ɗaya, wanda macuta ke damfara kowane mako bai taɓa yin hankali ba. Sellers mai muryoyi barkatai ne: shi ne Manjo Bloodnok, matsoracin hafsa, shi ne tsoho Henry Crun, shi ne kuma yaron nan Bluebottle, wanda ake hallakawa a kai a kai, wani mako ya dawo garau. Milligan shi ne Eccles, sarkin wawaye, kuma shi ya rubuta mafi yawan wasannin, wani lokaci tare da Larry Stephens ko Eric Sykes. Aikin bai bar shi lafiya ba. Ya ji rauni a Italiya a 1944, firgitar yaƙi ta biyo shi gida, ga kuma nauyin rubuta wasan rabin awa kowane mako. A ƙarshen 1952 sai da aka kwantar da shi asibiti. Masu sauraro na dariya, mai ba su dariyar yana jinya.

3. Yadda aka gina shirmen

Shirmen wannan wasa yana da tsari. Akan ɗauki magana marar tushe a bi ta daki-daki, kowane mataki da hujjarsa, har a isa inda hankali ba ya zuwa. Misali mafi shahara yana cikin wani wasa na 1957. Bluebottle ya tambayi Eccles ƙarfe nawa. Eccles ya ciro wata takarda da wani mutum ya rubuta masa lokaci a kai tun da safe, ƙarfe takwas. Da aka tambaye shi yadda yake yi in an nemi lokaci alhali takwas ba ta yi ba, sai ya ce ba ya nuna takardar. Da aka ce to yaya yake gane takwas ta yi, sai ya ce ai ga shi a rubuce. Bluebottle ya kara takardar a kunne, ya tarar ba ta bugawa. Kowace amsa ta dace da tambayarta, amma jimillarsu hauka ce. Wanda ya yi aikin yaƙi da jahilci zai gane abin da ake zolaya a nan, watau imanin cewa duk abin da ke rubuce gaskiya ne har abada.

Ginshiƙi na biyu shi ne ƙara. A radiyo, in an ji takun sawu da ƙarar ƙofa, an yi tafiyar wata guda cikin daƙiƙa biyu, mai sauraro kuwa ya yarda, domin shi ya zana hoton da kansa. Milligan ya matsa wa ma'aikatan BBC lamba kan ƙararrakin da ba a taɓa ji ba. An ruwaito cewa ya taɓa cika safa da kunun ƙwai da madara ya maka ta a katako don neman wata ƙara, bai kuma samu ba. Sashen sarrafa sauti da BBC ta buɗe a 1958 shi ya haɗa kukan cikin Manjo Bloodnok.

Na uku shi ne ƙirƙirar kalmomi. Sunan wata cutar ƙarya, «lurgi», da wani wasa na 1954 ya yayata, ya zauna a bakin mutanen Ingila da ma'anar ciwon da ba a san kansa ba, har ya shiga ƙamus.

4. Abin da ya saura

Ƴan wasan uku sun sake haɗuwa a 1972, lokacin bikin cikar BBC shekara 50, kuma a shekarar aka buga rubutun wasu wasannin a littafi. Ƙungiyar Monty Python, da ta fito a talabijin a 1969, ta amsa cewa daga gare su ta sha nono. Sai dai mafi yawan wasannin shekarun farko sun salwanta, domin ba a adana muryoyinsu ba. Da yawa daga waɗanda suka tsira, faifan da BBC ke aika wa tashoshin ƙetare ne suka cece su.

5. Kammalawa

Rubutun wasan radiyo kamar takardar Eccles yake: ya riƙe maganar, amma ba ya bugawa. Sheƙewar Secombe da siririyar muryar Bluebottle ba su da harafi. Wannan ya shafi wasannin Hausa na radiyo, irin na Yazi Dogo da abokan wasansa a Damagaram. Mai son adana su sai ya riƙe murya da rubutu tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.