Razana da Fargaba a Wasannin Ban Tsoro

Hausa ta bambance abubuwa biyu da masu ƙera wasannin ban tsoro kan cakuɗa. Razana ta ƙiftawar ido ce: ƙara ta fashe ba zato, kafaɗu su ɗage, gaba ya faɗi, tun mutum bai tantance abin da ya gani ba. Jiki ke yin ta ba da shawarar hankali ba, shi ya sa ko kwano ne ya suɓuce a tsakar gida yana iya jawo ta. Fargaba kuwa zama take yi. Wanda ya taɓa ratsa dajin Falgore da dare, a hanyar da ta taso daga Tudun Wada ta keta ƙasar Doguwa ta nufi Jos, ya san ta: hira ta mutu a mota, kowa ya zuba wa duhun itatuwa ido, alhali babu abin da ya fito.

A ganina razana ita kaɗai ba ta da tsada. Darajarta tana ga fargabar da ta bari a baya. A Resident Evil, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1996, akwai wani siririn lungu da karnuka ke fasa taga su diro. Sau ɗaya abin ke kama mutum. Amma daga nan ɗan wasa ya daina yarda da kowace taga a wasan, har waɗanda ba komai a bayansu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Silent Hill na Konami, a 1999, ya bi ta wata hanyar: ya ba ɗan wasa rediyo mai shuuu idan dodo ya matso cikin hazo. An rage ba-zata, tsoron kuma ya ƙaru.

Inda wasa ya sha gaban fim shi ne hannu. Mai kallon fim ba shi da laifi a abin da ya faɗo masa. A Granny, wasan waya na 2017 da ba ya buƙatar babbar na'ura, an kulle ka a gidan wata tsohuwa, kwana 5 gare ka ka tsere, ita kuma kunnenta ba ya kuskure. Ka yar da abu a ƙasa, ta taho. Saboda haka idan fuskarta ta cika allon, kai ka kira ta, kuma ka san lokacin da ka yi. Razanar ta zama hukunci, hukuncin kuma yana koyar da tafiya a hankali, da ɓuya ƙarƙashin gado, da kasa kunne. Five Nights at Freddy's na Scott Cawthon, 2014, haka ya ginu: maigadi ne kai daga sha biyun dare zuwa shida na safe, da wutar lantarki ƙayyadadda, kowace ƙofa da ka rufe tana cin ta. (Mu dai ba sai an koya mana tattalin caji ba.) Wuta ta ƙare, ka zauna a duhu kana jiran abin da ka san zai zo.

Raunin dabarar razana shi ne sabo da ita. Jiki yana rage amsa ƙarar da ta yawaita, don haka wasan da ke jefo fuska da kururuwa a kowace kusurwa, ba tare da ɗan wasa ya yi wani kuskure ba, yana koma wa wasan yaron da ke laɓewa bayan ƙyauren zaure: na farko ka zabura, na uku ka kore shi. Granny ma ba ta tsira ba. Bayan an kama mutum sau goma, fuskar tsohuwar dariya take ba shi. Sai dai ka lura da babban yatsansa lokacin da zai ɗauki mabuɗi kusa da wani tulu a kan tebur: har yanzu lallaɓawa yake yi.