Agogo Mai Ƙwaƙwalwa Tsakanin Wayar Salula da Agogon Batir: Nazarin Amfaninsa Bisa Hujjojin Bincike

Tsakure

Wannan maƙala ta auna amfanin agogo mai ƙwaƙwalwa ta hanyar kwatanta shi da agogon hannu na batir da kuma wayar salula. Ta dogara ne kan tarihin kasuwar agogo da sakamakon binciken lafiya da aka wallafa tsakanin 2016 da 2022. Matsayinta shi ne fifikon wannan agogo guda ne tak, wato yana manne da fata yana auna jiki, kuma ba kowa ne ke cin moriyar wannan fifiko ba.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Apple ya fitar da agogonsa kasuwa a watan Afrilun 2015. Kamfanin nazarin kasuwa na Strategy Analytics ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai Apple ya fitar da agogo kusan miliyan 31, alhali dukkan masana'antun agogo na Suwizalan sun fitar da kusan miliyan 21. Sai dai yawan ciniki shaida ce ta farin jini kawai. Tambayar da ta dace ita ce: wane aiki wannan agogo yake yi wanda agogon da aka saba da shi da wayar da ke cikin aljihu suka gaza yi?

2.0 Nuna Lokaci da Isar da Saƙo

Ta fuskar nuna lokaci, an gama magana tun a 1969, shekarar da kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da ƙwayar kwatz. Agogon Casio F-91W, wanda ya fito a 1989, batirinsa kan kai kimanin shekara 7, yayin da Apple ya yi shekaru yana tallata agogonsa na yau da kullum da cajin sa'o'i 18. A garuruwan Nijeriya da Nijar, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, agogo mai ƙwaƙwalwa ƙarin na'ura ce da za ta riƙa jiran caji tare da waya. Akwai kuma batun tsawon rai. Agogon Pebble mai ƙwaƙwalwa ya tara fiye da dala miliyan 10 daga jama'a a 2012, aka sayar da kadarorin kamfaninsa ga kamfanin Fitbit a 2016, sannan aka rufe hidimominsa na intanet a 2018. Agogon da ke dogara da manhaja, ƙarshensa yana hannun kamfanin da ya ƙera shi, ko da ƙarfensa bai yi komai ba. Saƙonni da kira kuwa, yawancinsu daga waya agogon ke ɗauko su, kuma agogon Apple sai da iPhone ake saita shi. Abin da mai shi ya samu a nan bai wuce hutun zaro waya daga aljihu ba.

3.0 Auna Jiki

Inda agogon ya yi zarra shi ne awon bugun zuciya. Yana haska koren haske cikin fata, ya auna yadda jini ke shanye hasken a kowane bugu, abin da wayar da ke cikin jaka ba za ta iya yi ba. A 2017, masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin hannu 7 a jikin mutum 60. Shida daga ciki sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma wajen ƙiyasta ƙarfin da jiki ya ƙona, wadda ta fi duka ma ta kauce da kashi 27. Binciken da ya fi wannan girma shi ne wanda jami'ar ta yi da haɗin gwiwar Apple, aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2019. Cikin mutum 419,297, kashi 0.52 ne agogo ya sanar da su cewa bugunsu ya rikice. Daga mutum 450 da aka maƙala wa na'urar gwajin zuciya daga baya, kashi 34 aka samu da nau'in rikicewar bugun da ke iya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Muhimmin abu shi ne rabon sanarwar: fiye da kashi 3 a cikin 'yan shekara 65 zuwa sama, ƙasa da kashi 0.2 a cikin waɗanda ba su kai 40 ba. Ke nan amfanin ya taru ne wajen dattawa da masu haɗarin ciwon zuciya.

4.0 Ƙorafe-ƙorafe da Amsoshinsu

Mai ja zai ce agogon yana zaburar da mutum ya motsa jiki, kuma yana da hujja. Wani bita da masana na Jami'ar Kudancin Ostareliya suka wallafa a Lancet Digital Health a 2022 ya nuna cewa masu ɗaura na'urorin ƙirga taku sun ƙara kimanin taku 1,800 a rana. Amma na'urorin da aka duba sun haɗa da masu arha da ba su kai agogo mai ƙwaƙwalwa ba, kuma waya ma tana ƙirga taku. Haka nan gwajin da Jami'ar Pittsburgh ta wallafa a 2016 ya gano cewa bayan shekara 2, waɗanda aka ba na'urar ɗaurawa a damtse sun rage kilo 3.5, waɗanda ba a ba su ba sun rage kilo 5.9. Na'ura tana ƙirgawa ne, niyya kuwa daga mai ita take fitowa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: idan agogo ya ceci rai ɗaya, ai kuɗinsa ya fita. Amsa ita ce sanarwa ba magani ba ce. Sai an je wa likita, an yi gwaji, an samu magani, sannan ta zama ceto. Inda likitocin zuciya suka yi ƙaranci, sanarwar kan tsaya a matsayin fargaba. Ko a Amurka, kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan rigakafi ya bayyana a 2022 cewa hujjoji ba su isa a yanke hukunci kan tantance wannan nau'in rikicewar bugun zuciya a jikin 'yan shekara 50 zuwa sama marasa alamunsa ba.

5.0 Kammalawa

Hujjojin da suka gabata sun nuna cewa ya kamata a ɗauki agogo mai ƙwaƙwalwa a matsayin na'urar awo, a kuma saye shi da wannan manufa. Ya cancanci kuɗinsa ga dattijon da ke da haɗarin ciwon zuciya kuma yake da likita a kusa, da ɗan tseren da ke horo bisa saurin bugun zuciyarsa. Ga lafiyayyen matashi mai son sanin lokaci da karanta saƙo, agogon batir da wayar da yake riƙe da ita sun wadatar. Binciken da ya kamata a mayar da hankali a kansa nan gaba shi ne wanda zai auna ko irin wannan sanarwar tana rage shanyewar ɓarin jiki da mace-mace, musamman a ƙasashen da asibiti ke nesa da jama'a.