Aina Onabolu da tarihin koyon fenti ta hanyar kwaikwayo

 Yau tarihin zanen fuska da fentin mai za mu taɓa.

A Turai, da kwaikwayo ɗalibin zane yake farawa. Tun da aka buɗe gidan tarihi na Louvre a birnin Paris a 1793, masu koyo suke kafa allonsu gaban aikin magabata, suna bin sa daki-daki. Har gobe ana yi, amma da izini da sharaɗi: girman naka ya bambanta da na asali, kuma ba ka kwafe sa hannun mai shi. Me ya sa sai an kwaikwaya? Fentin mai ba ya bushewa da wuri, hawa-hawa ake ɗora shi. A fara da siririn shafe mai duhu, a fitar da inuwa, sannan a bi da haske a goshi da karan hanci. Ido kaɗai ba ya gane wannan jerin, sai hannu ya bi sawu.

To, wanda ba shi da Louvre fa? Nan Aina Onabolu ya shigo. An haife shi a Ijebu-Ode a 1882, zamanin da Turawa da yawa suke ganin baƙar fata ba zai iya zana mutum kamar ya yi magana ba. Babu malami, babu makarantar zane. Hotunan cikin littattafai da mujallun Turawa ya riƙa kwafewa har hannunsa ya faɗa. A 1906 ya zana Misis Spencer Savage a Legas. Sai a 1920 ya tafi karatu Landan, daga nan Paris. Ku lura fa, da iyawarsa ya je, takardar shaida ce ba shi da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayan dawowarsa a 1922. Ya dinga zagaya makarantun Legas yana koyarwa, yana matsa wa gwamnatin mulkin mallaka lamba ta sa zane cikin manhaja. Wannan nacin ne ya kawo Kenneth Murray a 1927.

Ba kowa ya gamsu da hanyarsa ba. A 1958, a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya, suka ce bin salon Turawa zalla ya isa haka, a haɗa da na gida. Labarinsu sai shiri na gaba, in Allah ya kai mu.