Daga harawa a kan soro zuwa ramin kankare: tarihin ajiyar abincin shanu

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Ungogo bayan kaka ya san dammunan harawar wake da ta gyaɗa a kan soraye da rassan bishiyoyi. Dabarar tsohuwa ce. A shekarun 1960, lokacin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, gona na manne da gona, kusan babu saura. Shi ya sa harawa da kara da dusa suke riƙe dabbobi da rani, su kuma su ba gona taki.

Sai dai busasshen abinci bai cika ishin saniyar tatsa ba. Ana shiga bazara sai nono ya ja baya.

Turawa ma sun sha wannan wahala da hunturu. A 1877 wani manomin Faransa, Auguste Goffart, ya wallafa littafi kan yadda yake yayyanka ɗanyar masara ya danne ta a rami. Wannan shi ne sileji. In aka hana iska shiga, ƙwayoyin bakteriya sai su mai da sukarin ganyen ya koma sinadari mai tsami irin na kindirmo, tsamin kuma ya hana ruɓewa. A Finland, Artturi Virtanen ya nuna muhimmancin saurin tsamin, har ya sami kyautar Nobel a 1945. A nan gida, gonar Shika kusa da Zariya, wadda aka kafa a 1928 ta zama NAPRI a 1976, ta daɗe tana bincike kan abincin dabbobi.

To me ya kawo kankare? Ramin ƙasa yakan rufta, ruwa ya shiga, gara ta yi ɓarna. Bangon siminti yana ba da damar a tattake ganyen sosai, a rufe da leda, a ɗora nauyi. Bayan kamar mako uku ya tsima.

Amma siminti na da tsada, tsamin ma yana cin kankare a hankali. Mai shanu biyu ko uku, durom ko jakar leda mai kauri sun ishe shi. A Ungogo, inda gine-gine ke cinye gonaki, babban ginin ya fi dacewa da ƙungiyar makiyaya da za su haɗa kuɗi. Ko wanne aka zaɓa, a kula: in iska ta shiga, abincin ya ɓaci.